Motar da Mutum Biyu Ke Tuƙawa

Har yanzu in na zauna a bayan mota gyangyaɗi ya fara ɗibata, muryar Baba nake ji yana ƙirge. "Biyu," in ji shi, sai awarwaro ya yi ƙara sau ɗaya, injin ya sauke murya. Can an jima, "Uku." Ba ya wuce huɗu, domin iyakar giyar motar tamu ke nan. Tsohuwa ce mai ƙofa huɗu, launin madara, kujerunta sun sha rana har sun tsattsage an lulluɓe su da darduma. Mu mutanen Kabara ne, lungunmu mota ba ta shigarsa, don haka a bakin lungu take kwana, gindin wata darbejiya kusa da masallaci.

Ina aji biyu a sakandare Baba ya faɗo daga tsani. Damina ce ta gabato, ya hau duba indararon soro, tsanin ya zame. Gwiwar hannunsa na dama ta karye. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, sai dai a lanƙwashe ya kama. Hannun ya ƙi miƙewa, yatsun kuma ƙarfinsu bai dawo ba. Baba malamin lissafi ne a firamaren unguwa, ya zauna ya koya wa hagunsa riƙe alli, a ƙafa yake zuwa aiki dama can. Tuƙi ne ya gagara. Sitiyari hagu na iya juya shi, ƙafafunsa kuma lafiya lau. Amma sandar giya tana ɓangaren dama, kuma irin ta dā ce, sai ka taka kuloci da ƙafar hagu sannan ka tura ta da ƙarfi.

Duk Juma'a bayan la'asar muna zuwa Dukawuya gaida Gwaggo, yayar Baba. Ba ya bi ta cikin gari. Ta Ƙofar Ɗan Agundi yake fita, ya bi titin da ke gefen badala ya yi yamma. Juma'ar farko bayan an kwance masa ɗori ya ce shi zai tuƙa. Ni da Inna muna baya, kujerar gaba ba kowa, kamar kullum in ba namiji a tafiyar. Duk sanda zai canja giya sai ya saki sitiyari ya ƙetaro da hannun hagu. Muna dab da ƙofar gari motar ta karkace ta nufi baron wani mai rake. Allah ya kiyaye, ƙiris ya rage. Baba ya tsaya a gefe, gumi na bin ƙeyarsa. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Hajiya, dawo gaba."

Sai an san Inna za a san nauyin wannan maganar. Bafulatana ce, kakanninta sun daɗe da ajiye sanda sun zauna a birni, amma kunya ba ta bar gidan ba. Ni ce 'yarta ta fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in ɗebo ruwa, randa take gaya wa cewa ta kusa ƙarewa. A kulle take tun aurenta, fitarta sai gidan biki ko gaisuwar mutuwa bayan magariba da ɗan rakiya, sai kuma wannan tafiyar ta Juma'a, a lungun kujerar baya, fuskarta cikin mayafi. Ba ta taɓa zama a gaban mota ba.

Ta fita ta zagaya ta shiga, idonta a ƙasa. Baba ya nuna mata inda ɗaya take, inda biyu take. Ya ce in ya taka kuloci zai faɗi lamba, ita kuma ta tura. Ya ce, "Ɗaya." Sai ta murɗo jikinta gaba ɗaya ta kai hannun dama, don a wurinta ba a yi wa miji aiki da hagu.

"Hajiya, ba ni za ki miƙa wa abu ba," in ji Baba. "Mota ce. Ba ta san hagu da dama ba."

Na ga kafaɗarta tana rawa a cikin mayafi, dariya take ɓoyewa. Ta sa hagun. Giyar ta yi wani gurnani mai ban tsoro, motar ta zabura ta mutu. Sau huɗu muna mutuwa kafin Dukawuya, muka isa ana kiran magariba.

Gwaggo ba ta ji daɗi ba. Ta ce matar malami a gaban mota da rana tsaka, duk Kabara na kallo, wannan wane irin zamani ne. Baba ya ce, "Larura ce, Yaya. In kina da hannun da za ki ara mini, bismillah." Shi ke nan. Larura ba a ja da ita. Dattawan da ke zama a tabarma ƙofar masallaci ma in Inna ta fito sai su kau da kai, su ce Allah ya ba Malam lafiya.

Kafin a yi wata uku Inna ta ƙware. Daga baya ma Baba ya rage ƙirgen, sai in ya ga dama. Kunnenta na kan injin, gefen idonta na kan gwiwarsa, yana motsa ƙafa hannunta ya riga ya tafi. Awarwaro biyu ne a wuyan hannun nata na hagu, na azurfa, su ne ke gaya mini an canja giya. Ni ina baya, kaina a jikin gilashi, ƙamshin turaren wutar da ta turara mayafinta ya gauraya da warin fetur da na tsohuwar darduma. Badala tana wucewa a hankali, ja, ruwan sama ya zaizaye ta wuri-wuri, awaki a kanta. Kududdufai sun cika sun yi kore. Rana tana gabanmu tana sauka, komai ya zama ruwan zuma, har masu keke. Nakan lumshe ido in buɗe in kasa gane ko tafiya muke ko titin ne ke zuwa wurinmu. Baba da Inna ba sa hira. Shekaru na yi ina bayansu, ban ji sun yi wata doguwar magana a motar nan ba.

Da Baba ya yi ritaya sai uzurori suka yawaita. Yau za a duba wani abokinsa a asibiti. Gobe za a je ganin ko ruwa ya kwanta a 'yar gonarsa ta bayan gari. Jibi wai an ce an buɗe sabon titi, ya kamata a san inda ya ɓulle. Duk kuwa sai da Inna, tunda mota ba ta tafiya sai da ita. Matar da in ban da hanyar Dukawuya ta san Kano da hasken fitila kawai, sai ga ta tana ganin garin da rana. Wata rana na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga cewa ashe dutsen Dala ba shi da tsawon da ake faɗa, ashe kuma akwai wurin da ake sayar da furanni a tukwane, mutane na saye su kai gida ba don ci ba. Na ji, na wuce. A lokacin ban ɗauke shi komai ba.

Ni kuwa na girma, na yi karatun jinya, na yi aure ba nisa da gida, na sayi 'yar motata otomatik, wadda ke canja giyarta da kanta. Halina ne, kowa a gidanmu ya sani, ban iya ganin abu ba daidai ba in ƙyale, ko an sa ni ko ba a sa ni ba. Kuma abin da nake gani shi ne gwiwar Baba ta hagu ta fara kumbura. Garin ya cika, 'yan adaidaita sahu sun toshe ko'ina, tafiyar da muke yi a minti ashirin ta koma awa. A cunkoso sai ya taka kuloci sau ɗari, yana cije leɓe. Inna kuma ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ba hutu. Na dube su na ga tsofaffi biyu na shan wahala, raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata ina da rai iyayena ba za su ƙare a haka ba.

Sai kulocin ya ƙone. Na ce wa Baba ya bar mini, ni zan kai ta gyara. Bakaniken da ke duba motar dattijo ne, tun ina yarinya na san shi, garejinsa na bayan ganuwa. Na ce masa ba kuloci nake so ya canja ba, giyabos ɗin gaba ɗaya zai sauke ya ɗora otomatik. Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana kallon motar.

"Yin zai yiwu, Malama," ya ce. "Akwai irinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa, na hannu, ɗan Baljiyam. Aiki ne dai, har fedar kuloci sai an cire. Amma Hajiya ta sani?"

"Baba kake nufi?"

"A'a, Hajiya."

Na ce, "Ina ruwan Inna da giyabos? Hutu zan ba ta." Har da 'yar dariyata. Ya ce to, Allah ya sa alheri, bai ƙara ba.

Sati biyu motar ta yi a wurinsa. Ranar da na kawo ta na sa an wanke ta, na faka gindin darbejiya ina ta washe baki. Na nuna wa Baba: feda biyu kacal, birki da totur. Sandar kuma tana da maɓalli a gefe, ka danna ka ja ta sau ɗaya mota na tsaye, shi ke nan har ka isa inda za ka. Ya zagaya motar, ya leƙa inda kuloci yake dā, ya ga wayam. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Muka ɗan zagaya unguwa don gwaji. A kwanar farko ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci ta dira a kan birki, goshina ya bugi gilashi. Muka yi dariya. Kafin mu dawo ya gane kanta, yana ƙetaro da hagu ya danna maɓallin ya ja, ba wata wahala tunda a tsaye ake yi.

Juma'a ta zo. Inna ta fito da mayafinta mai ƙamshi, ta nufi ƙofar gaba kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Hannunta na kan marfin ta hango Baba ya ƙetaro da hagu ya ja sandar da kansa. Ta ɗan tsaya. Ta dubi tabarmar dattawa. Sai ta saki marfin ta buɗe ƙofar baya ta zauna kusa da ni, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Baba ya dubi kujerar da ke gefensa ya ja mota. Har Dukawuya ba abin da na ji sai injin yana hawa yana sauka shi kaɗai. Ni kuwa ina ta surutu, ina cewa ku ji yadda take tafiya sumul. Gwaggo ta tarbe mu da murna, ta ce yanzu kam kowa ya koma mazauninsa, ta sa mini albarka har sau uku.

Juma'a ta gaba Inna ta ce kanta na ciwo. Ta gaba ta ce tana da baƙi, ba kuwa wanda ya zo. Daga nan ba ta ma neman dalili. Babu wanda ya hana ta fita, Baba bai taɓa cewa kada ta zo ba. Amma abin da ya zaunar da ita a gaba shi ne ana bukatarta, yanzu kuwa in ta shiga sai a ce yawo take so, ita kuma ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Baba ya fita shi kaɗai sau biyu ko uku, bai daɗe ba ya dawo. Zancen gona ya mutu, sababbin tituna ma aka bar su da inda suka ɓulle. Ganyen darbejiya ya taru a kan gilashi, kaji suka mai da ƙarƙashin motar wurin hutawa.

In na je gida sai in tarar da ita a rumfa, faifan shinkafa a cinya, ba ta tsinta. Kaskon turarenta na kife a bayan ƙofa. Ta rame, ba ramar ciwo ba, na auna ta ban ga komai ba. Wata ranar Laraba haƙurina ya ƙare, na tsaya a kanta na ce, "Inna, wai me ya hana ki fita ne? Mota lafiya lau, ba wahala, ba komai!"

Ba ta dube ni ba. Kyanwar gidan ce kwance a gefenta, ita ta gaya wa. "Mota ta samu mai yi mata aikinta," ta ce. "Tsohuwa me za ta je yi?"

Da farko haushi na ji. Na yi abin kirki, ko godiya babu. Na ɗauki jakata na fita fuu. Ina isa bakin lungu na ga motar da ganye a kanta, sai maganar Dala da furannin tukwane ta dawo mini, da tambayar bakanike. Kunya ta kama ni. Shekara nawa ina bayansu, ban taɓa gane abin da nake kallo ba.

Ban koma gida ba, gareji na wuce. Na ce ya mayar da tsohon giyabos, yau ɗin nan. Ya girgiza kai. Ya ce wani mai tasin ƙauye ya ɗauka tuni, bai san ma garinsu ba. Ya ce ko an samo wani, ƙarfen da ke riƙe fedar an yanke shi, sai an yi sabon walda. "Kuma Malama, gwiwar Malam fa? Wannan ɗin ba ƙarya kika gani ba. Ko an mayar, shekara nawa zai ƙara yana takawa?" Na shiga motata na rufe gilashi na yi kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun ina makaranta.

Da yamma na sami Baba a zaure yana duba wani tsohon littafin lissafi. Na durƙusa na faɗa masa duka, har zuwana gareji. Na ce na ɓata, kuma ban san yadda zan gyara ba. Ya saurare ni har na gama, ya rufe littafin. Ya ce, "Ki zo ranar Juma'a. Ki bar motarki a gida."

Na zo. An yi ruwa da azahar, lungu na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na tarar ya share ganyen, ya goge gilashi, yana zaune a mazauninsa injin na aiki. Dattawa na kan tabarmarsu. Na shiga baya. Ya ɗora gurgun hannun nasa na dama a kan sandar, ya yi kamar yana danna maɓallin, ya yi tsaki da ƙarfi yadda na tabarma za su ji.

"Kai, wannan abu! Je ki ce wa Hajiya maɓallin nan ya ƙi dannuwa. Yatsana ba ya iyawa."

"Baba, ai da hagu kake..."

Ya ɗago ya dube ni ta madubi. Kallon da yake yi wa ɗalibi ne in ya kusa faɗin amsar da ba a tambaye shi ba. Na haɗiye sauran maganar na fita.

Inna na rumfa. Na tsaya nesa kaɗan, na dubi randa, na ce, "An ce maɓallin giya ya ƙi dannuwa. An ce hannu ya gaza." Ita ma ta san ya iya da hagu, da idonta ta gani. Ta daɗe tana kallon faifan. Na san in ta ce kanta na ciwo shi ke nan, ba ni da wata dabara. Sai ta ajiye faifan ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar kasko, na ji tana hura garwashi. Hayaƙin turare ya biyo labule.

Da ta fito bakin lungu Baba ya leƙo ta taga ya ce wa dattawa, "Kun ga larura ba ta ƙarewa." Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, Malam, suka kau da kai. Inna ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Ya nuna mata maɓallin, ya nuna mata inda za ta tsaya. Ta danna da babban yatsa ta ja, sau ɗaya, aikin ya ƙare. Na jira ta ɗauke hannun ta mayar cinya. Ta bar shi a kan sandar.

Muka fita ta Ƙofar Ɗan Agundi. Titi a jiƙe yake yana sheƙi, badala ta yi duhu da ruwa, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare tana gabanmu. Motar ta canja giya da kanta. Inna ta karkata kunne.

"Gaggawa gare ta," ta ce. "Ni sai mun wuce mai rake nake sa biyu."

"Ai ba ta san hanya ba tukuna," in ji Baba.

Na jingina kaina da gilashi na lumshe ido, na bar ɗan ƙyalli ina kallo. Mun zo kwanar gidan Gwaggo, Baba bai sa sigina ba, ya miƙe. Ya ce an ce an gyara titin gaba, ya kamata a san inda ya ɓulle. Injin ya ɗaga murya, sannan ya sauke. Motar ta riga ta sa abarta, amma Baba ya ce a hankali, "Uku." Wuyan hannun Inna ya motsa, awarwaron ya yi ƙara sau ɗaya.